Alkawura uku na ɗan takara: wanne ne a hannunsa?

Masu sauraronmu na nan gida Nijar, da ku ƴan uwa na tsallaken iyaka, tun daga Jibiya, Kaita, Mashi, Mai'aduwa, Zango da Ɓaure, har Maigatari da Illela, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa. Kai kuma da ba ka samu kama mu a rediyo ba, ga jawabin wannan mako a rubuce.

A makon jiya wani mai sauraronmu, malamin firamare a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin jihar Katsina na bakin iyaka, ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp. Muryar wani matashi ce da ke neman kujerar majalisar dokokin jiha a zaɓen 2027, yana yi wa mutanen mazaɓarsa bayanin abin da ya sa gaba. Malamin ya roƙe mu mu saurara, mu gaya masa ko maganar ta kama hankali, ko kuwa romon baka ne irin wanda aka saba.

Ba zan faɗi sunan ɗan takarar ba, ba kuma zan faɗi jam'iyyarsa ba. Gidan rediyon nan ba ya yi wa kowa kamfe, mu da ke wannan ɓangare ma ba mu da ƙuri'a a Nijeriya. Amma na saurari saƙon har sau uku. Abubuwa uku ya yi magana a kai: ilimi, wutar lantarki, da yadda za a kashe kuɗin jiha. Su za mu bi ɗaya bayan ɗaya, da tambaya guda: a cikin abin da ya faɗa, wanne ne a hannun ɗan majalisa?

Na san wani zai ce, to ina ruwan mutumin Maraɗi ko Ɗan Isa da majalisar Katsina? Ai da ruwanmu. Babban layin wutar da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina ya taso, ya biyo ta Gazawa. Ka tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta katse mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024. Mai ƙanƙara ya ji a jikinsa, tela ya ji, mai injin niƙa ya ji. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur a Abuja, ba a yi kwana nawa ba kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta tashi a nan. Ga ƴaƴanmu da ke karatu a tsangayu da makarantun Katsina, Kano da Zariya. Ga auratayya, ga kasuwa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa.

Bari mu fara da kujerar ita kanta, don tsarinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Mu nan muna cewa jihar Maraɗi, jihar Tawa, amma gwamna daga Yamai ake naɗo shi, doka ma can ake yin ta. A Nijeriya jihohi 36 ne, kowace da gwamnanta zaɓaɓɓe da majalisar dokokinta. Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba. Ta Katsina mutum 34 ce, ta Jigawa 30, ta Kano 40. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25, shi ya sa kake ganin sa'o'inmu sun fara fitowa.

Aikin ɗan majalisa uku ne. Yana yin doka. Yana duba kasafin kuɗin da gwamna ya kawo, ya amince ko ya gyara. Yana kuma bin sawun kuɗin bayan an amince, ya kira kwamishina ko shugaban hukuma ya zo ya yi bayani. Ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke kafa turakun wuta ba. Wannan aikin gwamna ne da ma'aikatunsa. Riƙe wannan a ranka, don da shi za mu auna komai.

To, ilimi. Ɗan takarar ya ce zai tsaya kai da fata a ware wa ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafin jiha, kamar yadda ya ce UNESCO ta tanada. Ya ce zai gina ajujuwa a kowace gunduma ta mazaɓarsa, zai kuma ɗauki sabbin malamai.

Wannan kashi 26 an daɗe ana maimaita shi a Nijeriya, har ya zama kamar karatun allo. Amma ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi fiye da haka. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ta kuma sa wa ilimi kashi 31 a kasafin 2025 da ta kai majalisa. Ka ga ana iya yi ke nan. Sai dai rubuta adadi a takarda daban, sakin kuɗin daban. Ana iya rubuta wa ilimi kaso mai tsoka a watan Disamba, shekara ta zagayo a tarar abin da ya fita daga baitulmali bai kai ko kusa ba. Don haka idan ɗan takara ya ce maka kashi kaza, kada ka yi saurin tafi. Ce masa: “Ranka ya daɗe, a bara nawa aka rubuta wa ilimi a jiharmu, nawa kuma aka saki?” In ya sani, ya yi aikin gida. In ya fara kame-kame, ka gane.

Akwai kuma wata ƙofa da ban ji ya taɓo ba, alhali ita ce mafi kusa da hannunsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya, ana ba jihohi ta hannun hukumar UBEC. Amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata rabin kafin a ba ta na tarayya. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta na nan kwance a Abuja, yara kuwa na zaune a ƙasa. To a nan ɗan majalisa yake da baki. Shi zai duba ko an sa wannan rabin a kasafi, ko an biya a kan lokaci, ko ajujuwan da hukumar SUBEB ta jiha ta ce ta gina suna tsaye da rufinsu. Mutumin da ya ce maka “zan gina” ya ɗauki aikin wani. Wanda ya ce “zan bi sawun kuɗin ginin” ya san nasa.

Maganar ɗaukar malamai kuwa, Malam da ka turo mana saƙo ka fi ni sani. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maimakon su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma har yanzu ana kai ruwa rana a kan aiwatarwa. Duk wanda zai yi maganar malamai, dole ya faɗi matsayinsa a kan wannan: wa zai biya, daga wane asusu, wa kuma zai ɗauki alhaki ranar da albashi ya makara?

Abu na ƙarshe a kan ilimi, ban ji ya ambaci tsaro ba. Jihar da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamban 2020, jihar da iyaye a wasu ƙauyuka ke fargabar tura yaro makaranta, ba a yin lissafin aji a bar lissafin katanga, mai gadi da hanyar zuwa. Aji ba yara ai ɗaki ne kawai.

Mu koma wuta. Ya ce jiha ta daina zaman jiran Abuja, ta samar da wutarta da kanta. Ya ce zai sa sola a kowace gunduma. Ya kuma ce in Allah ya ba shi, mazaɓarsa za ta ga wuta awa 24.

Mu fara da na ƙarshen, don shi aka fi tafa wa a cikin saƙon. Wutar da ke yawo a babban layin Nijeriya gaba ɗaya takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga jama'a fiye da miliyan 200. Katsina, Kano da Jigawa kamfani ɗaya ke raba musu, wato KEDCO, shi ma abin da aka turo masa yake rabawa. A watan Oktoban 2024 yawancin arewa ta yi kwanaki cikin duhu saboda manyan layukan da suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20, a watan Afrilun 2024 farashinsu ya tashi daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane ma'auni. Awa 20 ke nan fa, da wannan tsada. To ɗan majalisa guda, daga mazaɓar bakin iyaka, da wane makunni zai kunna awa 24? Wannan ba a hannunsa yake ba, ko gwamna ma sai ya yi da gaske.

Amma maganarsa ta farko tana da tushe, kuma a nan na ɗan gyara zama. A watan Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar samar da wuta, dakonta da rabata ko a inda babban layin ƙasa ya kai. A watan Yunin shekarar aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Yanzu jiha na iya karɓar ragamar kasuwar wutarta daga hukumar NERC, kamar yadda Enugu, Ekiti da Ondo suka fara a 2024. Sharaɗin shi ne majalisar jiha ta yi dokar wuta, a kafa hukumar da za ta kula. Ka ji inda aka zo gidan ɗan majalisa. Wannan aikinsa ne tsantsa. Tambaye shi: ina aka kwana a kan dokar wutar jiharmu? Ka karanta ta? Me ta ce game da ƙauyen da turaku ba su kai ba? Wa zai tsayar da farashi, kuma wa talaka zai kai wa ƙara in an kawo masa takardar kuɗin wutar da bai sha ba?

Mutanen Katsina ba sa bukatar a ba su labarin aikin wuta da ke jan ƙafa. Injinan iska 37 na Lambar Rimi, masu megawat 10, tun zamanin gwamnan marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa aka fara maganarsu, aka shafe shekara da shekaru ana jiran a ga amfaninsu. Darasin shi ne, kafa ƙarfe ba shi ne wuta ba.

Haka sola take. Wa zai ƙi sola? Ranar Allah ce, mu da su ba mu rasa ta ba. Amma sola kala-kala ce. Akwai fitilun kan titi, waɗanda ƴan siyasa suka fi so don ana ganinsu, ana kuma iya liƙa musu hoto. Akwai ta famfon burtsatse, wadda ke aiki da rana ko babu batir, ta cika tanki mata su huta. Akwai ta asibitin gunduma, mai riƙe firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa. Dukkanmu mun ga fitilun da aka kafa da kiɗa da guɗa, bayan ƴan shekaru batir ya mutu, suka zama wurin ɗaure akuya. Batir yana da wa'adi, faranti na son shara, inbata na lalacewa. Wanda bai sa kuɗin gyara a kasafin kowace shekara ba, hoto ya saya. Don haka tambayarka a nan biyu ce: wace sola ce farko, kuma wa zai canza batir?

Sai na uku, kasafi, wanda shi ne uwar sauran biyun. Ya ce zai yi yaƙi da sayen motocin manya da tafiye-tafiyen ƙasashen waje, a mayar da kuɗin ga makarantu da noma. Ya ce ba ya goyon bayan sabon bashi, ba ya kuma goyon bayan sabon haraji.

Daɗin ji kam akwai. Amma zauna mu yi lissafi irin na magidanci. Kuɗin jiha ta hanya uku suke shigowa: kason wata-wata daga asusun tarayya, harajin cikin gida, sai bashi da tallafi. Jihohin arewa maso yamma galibi da kason Abuja suka dogara. Gaskiya ne wannan kaso ya ƙaru a lissafin naira tun da aka cire tallafin mai, amma siminti, ƙarfe da dizal su ma sun tashi, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024. Kafin a taɓa komai, sai an cire albashi, fansho da biyan bashin baya. Abin da ya rage shi ake wa rububi: hanya, asibiti, ruwa, taki, tsaro, makaranta.

Yanzu ɗan takararmu yana son ƙarin malamai, ƙarin ajujuwa, sola a ko'ina, ƙarin kuɗin noma, ba haraji, ba bashi. Abin da zai rage kawai mota da tafiya. Rage su daidai ne, wallahi na goyi baya. Amma mota sau ɗaya ake saye a zango, albashin malami kuwa duk wata ne har ya yi ritaya, sannan fansho ya biyo baya. Kuɗin mota ba za su riƙe malami shekara talatin ba. Idan kasafi naira 100 ne, ka ɗaga ilimi daga 18 zuwa 26 a misali, wannan takwas ɗin daga bakin wani za ta fito. Daga hanya ne? Daga lafiya? Ɗan takarar kirki zai faɗa maka abin da zai jinkirta, ko da ba za a tafa masa ba. Wanda ya ce komai zai ƙaru, babu abin da zai ragu, ko dai bai buɗe kasafin ba, ko kuwa yana ganin kai ba za ka buɗe ba.

Kuma a tuna, ƴan majalisa su ma ana saya musu motoci, majalisa tana da nata kaso a cikin kasafin. Tambaye shi a gaban jama'a: in an miƙo maka makulli, za ka karɓa?

Ga wani lissafin da ake mantawa. Shi ƙuri'a ɗaya ce cikin 34. In kowa ya halarta, sai an samu mutum 17, har da shi, sun goyi baya kafin maganarsa ta wuce. In gwamna ya ƙi sa hannu, sai kashi biyu cikin uku sun sake amincewa, wato mutum 23. A jihohin da jam'iyyar gwamna ta cika majalisa, sau da yawa kasafi yakan wuce kusan yadda ya zo. To da wa zai haɗa kai? Wane kwamiti yake nema, na ilimi, na kasafi, ko na bin diddigin kuɗin gwamnati, wanda ke duba rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha? Sashe na 128 da 129 na tsarin mulki sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya ba da shaida. Makami ne babba, in an samu mai ɗauka.

Malam, ka tambaye mu ko maganarsa ta kama hankali. Ga abin da na gani. Wuta awa 24 ba a hannunsa take ba. Gina aji da ɗaukar malamai aikin gwamna da ƙananan hukumomi ne, nasa shi ne sa ido. Lissafin kasafinsa bai cika ba, akwai giɓi. Amma batun jiha ta riƙe wutarta, da rage kashe kuɗi a kan manya, waɗannan a cikin gonarsa suke, in zai iya bayaninsu dalla-dalla. Ban ce maƙaryaci ne ba. Na fi zaton ya faɗi abin da ya san taro na son ji ne, don mu ma masu sauraro da laifinmu: mun fi tafa wa mai cewa “zan ba ku” a kan mai cewa “zan bincika muku”.

Don haka in ya dawo garinku, ku tarbe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sannan ku yi masa tambayoyin nan. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton yadda aka kashe kasafi duk wata uku a intanet. Ku sa wani yaro mai waya ya sauko da na jiharku, ku buɗe shafin ilimi a gabansa. Ku nemi ya yi alkawarin da yake iya cikawa ba tare da izinin kowa ba: duk wata uku ya zo mazaɓa, ya karanta muku da Hausa abin da aka rubuta wa makarantunku da abin da aka saki. Wannan ba ya bukatar sa hannun gwamna, ba ya bukatar mutum 17. Ku ɗauki muryarsa a waya ku ajiye. Tsarin mulki ma ya tanadi kiranye a sashe na 110, in fiye da rabin masu rajistar mazaɓa suka sa hannu, sai dai hanya ce mai wuya. Tambaya kafin zaɓe ta fi sauƙi.

Mu kuma na wannan ɓangare, ko ba mu da irin wannan majalisa, tambayoyin namu ne. Duk wanda ya tsaya gabanka ya ce zai gyara lakwal, zai kawo kuran, ka tambaye shi ko abin a hannunsa yake, ina kuɗin za su fito, me kuma zai bari don ya yi wannan.

Wanda ke da muryar wani ɗan takarar, ko na wace jam'iyya ne, ya turo, da mudu ɗaya za mu auna kowa. Nan muka kawo ƙarshen jawabin wannan mako. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.